Shin lemon kwalba marar sukari yana taimakawa wajen rage ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekarata 38, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Tun bayan haihuwata ta huɗu jikina ya buɗe, har nauyina ya kai kilo 88, likita kuma ya ce in rage saboda jinina ya fara hawa. A da ina shan lemon roba guda biyu a rana, ɗaya da abincin rana, ɗaya da dare. Wata biyu ke nan da na koma irin wanda aka rubuta "zero" a jikinsa, amma kilo ɗaya kacal na rage. Ga kuma saƙonni da ake ta turo mana a WhatsApp cewa yana kawo ciwon daji, kuma wai ya fi mai sukarin sa ƙiba. In ci gaba da sha ne ko in daina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya kuma ƙara lafiya. Matakin da kika ɗauka na barin lemo mai sukari daidai ne, kada wani saƙon waya ya mayar da ke inda kika fito. Sai dai lemon da kika koma ba maganin ƙiba ba ne, ba ya narkar da kitse ko ƙanƙani. Amfaninsa ɗaya ne, wato ya tsaya a gurbin abin da ya fi shi illa, kuma wannan amfanin yana ɓacewa idan aka mayar wa jiki abin da aka rage ta wata hanyar.

Lemon kola na roba mai rabin lita yana ɗauke da sukari kimanin giram 53, wato kusan cokalin shayi 13, da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) kimanin 210. Roba biyu a rana ke nan cokali 26 na sukari, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke samu a yini, wanda ga babban mutum ya kama kusan cokali 12, kuma ta ce in an tsaya a cokali 6 ya fi. Abin da ya ƙara muni ga sukarin da ke cikin ruwa shi ne ba ya cika ciki. Wanda ya sha roba guda a kan farantin shinkafa ba kasafai yake rage shinkafar daidai da abin da ya sha ba, don haka yawancin kalorin lemon ƙari ne a kan na abincin. Shi kuwa marar sukarin, ana sa masa zaƙi ne da sinadarai irin su aspartem da asesulfem, waɗanda kowannensu ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, ko sukralos mai ninkawa kusan sau 600. Da yake ɗan kaɗan ake zubawa, kalorin da ke cikin roba guda bai taka kara ya karya ba.

Idan muka bi lissafi a takarda, kin cire kalori kimanin 420 a kowace rana, wanda a kwana 60 ya haura 25,000, kilo ɗaya na kitsen jiki kuma yana daidai da kalori kimanin 7,700. Da komai ya tsaya yadda yake, da kin rage abin da ya kai kilo uku. Jiki ba ya bin lissafi tiryan-tiryan, domin yana rage ƙona abinci idan ya ji an rage masa, kuma nauyin mace yana hawa yana sauka da ruwan jiki a cikin wata, musamman gab da al'ada. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin kilo uku da kilo ɗaya ita ce wurin da nake so ki sa ido, domin a mafi yawan lokaci amsar tana cikin faranti ne, ba cikin roba ba. Mutum yakan ji a ransa cewa tunda ya bar sukari, yana da damar ƙara cokalin shinkafa, ko ya ɗauki cincin da alkaki da la'asar, ko ya sa a kawo tsire da daddare. Ba da gangan ake yi ba, kuma ba rashin himma ba ne, ɗabi'ar ɗan Adam ce da aka sani. Fanke biyu ko uku sun isa su mayar da abin da roba guda ta rage.

Akwai kuma sukarin da ba ma kiransa lemo, wanda a gidajenmu sau da yawa ya fi na kwalbar yawa. Ki tsaya kusa da mai shayi a Sabon Gari ko Samaru da safe ki ga yadda yake haɗa kofi guda: madara mai kauri, garin koko mai zaƙi, sannan cokali uku ko huɗu na sukari a tsattsage, ga burodi da bota a gefe. Haka zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa, haka fura da nono idan an zuba mata sukari har sai ta yi zaƙi zau. Lemon malt, wanda ake kai wa mai jego da marar lafiya da sunan yana ƙara jini, sukarinsa bai gaza na kola ba, haka ma lemon 'ya'yan itace na kwali. Wadda ta bar kola ta riƙe waɗannan ba ta rage abin da take zaton ta rage ba.

Maganar cewa marar sukari ya fi sa ƙiba tana da tushe, amma an karkatar da ita. Binciken da ake bin dubban mutane na shekaru ana tambayarsu abin da suke ci ya sha nuna cewa masu yawan shan irin wannan lemo sun fi samun ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya. Matsalar irin wannan bincike ita ce ba ya iya raba sanadi da sakamako. Wa ke neman lemo marar sukari tun farko? Irinki ne, wadda jikinta ya riga ya buɗe, likita kuma ya riga ya yi mata kashedi. Ƙibar ce ta kai mutum ga lemon a lokuta da yawa, ba lemon ne ya kai shi ga ƙibar ba. Inda aka raba mutane gida biyu da ƙuri'a aka gwada, sakamakon ya sha bamban. A ƙasar Holan an bai wa yara 641 gwangwani guda a kullum har wata 18, wasu mai sukari, wasu marar sukari, ba tare da sun san wanne suke sha ba. A sakamakon da aka buga a 2012, masu shan marar sukarin sun gaza 'yan uwansu ƙaruwar nauyi da kimanin kilo ɗaya.

Idan aka gwada shi da ruwa kuwa, sai magana ta rabu. Wani gwaji a Amurka da aka buga a 2016, mai mutum 303 da ke cikin shirin rage ƙiba na shekara guda, ya samu masu shan marar sukari sun rage kimanin kilo 6, masu shan ruwa kuma kimanin kilo biyu da rabi, sai dai ƙungiyar kamfanonin lemo ta Amurka ce ta ɗauki nauyin aikin, kuma wannan dalili ne na yin taka-tsantsan da shi. Wani ƙaramin gwaji a Iran a kan mata masu ƙiba, wanda aka buga a 2015, ya samu akasin haka, domin waɗanda aka mayar kan ruwa sun ɗara sauran raguwa da kilo ɗaya da 'yan kai. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara ire-iren waɗannan, sai ta fitar da shawara a watan Mayun 2023 cewa kada a dogara da sinadaran zaƙi a matsayin hanyar rage ƙiba, saboda ɗan amfanin da ake gani na gajeren lokaci ne. Ita da kanta ta bayyana cewa shawarar mai sharaɗi ce saboda hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba, kuma ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Ba ta ce a koma wa sukari ba. Abin da ta nema shi ne a rage zaƙi gaba ɗaya a abinci.

Batun ciwon daji ya samo asali ne daga watan Yulin 2023, lokacin da cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa aspartem a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar amma hujjar da ake da ita taƙaitacciya ce. Wannan rukuni yana can ƙasa da wanda taba da giya suke ciki. A rana guda kuma kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa tsakanin hukumar da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya bar ma'aunin da aka yarda da shi yadda yake, wato miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga mai nauyinki, ya haura miligiram 3,500, gwangwani guda kuma yana ɗauke da 200 zuwa 300, ke nan sai kin sha gwangwani sama da goma sha ɗaya a kullum kafin ki ƙetare iyakar. Masu tura saƙon sun ɗauki rabin labarin ne suka bar rabi. A wurina, hawan jinin da aka riga aka auna aka gani a jikinki ya fi cancantar damuwarki nesa ba kusa ba.

Wannan ba ya nufin lemon ba shi da aibi. Tsaminsa bai bambanta sosai da na mai sukari ba, kuma tsamin yana cin fatar haƙori a hankali, musamman ga mai kurɓa kaɗan-kaɗan tsawon yini, don haka a sha shi tare da abinci, a kuskure baki da ruwa, a kuma jinkirta goge haƙori na kamar rabin awa. Nau'in kola yana da kafin, sinadarin da ke cikin goro da gahawa, kuma robar da kike sha da dare tana iya rage miki barci, ƙarancin barci kuwa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Wani gwaji a Isra'ila a 2022 a kan mutum 120 ya nuna cewa sakarin (wani sinadarin zaƙi) da sukralos sun sauya ƙananan halittun da ke zaune a hanji da yadda jikin wasu ke sarrafa sukari cikin mako biyu, amma gwaji ne gajere wanda bai kai a gina hukunci a kansa ba. Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Muddin ana ba shi zaƙi mai ƙarfi sau biyu a rana, ba zai daina nema ba, gwanda da mangwaro ma sai su zama kamar ba su da ɗanɗano.

Saboda haka ki ɗauke shi tamkar tsani wanda ake takawa a sauko daga sukari zuwa ruwa, ba wurin zama ba. Ki fara da cire na daren, ki bar na rana har mako uku ko huɗu, sannan ki mayar da shi na ranar biki ko suna ko baƙunci. A gurbinsa ki tanadi ruwa mai sanyi da aka matsa wa lemon tsami, ko zoɓon gida da citta da kanumfari ba tare da sukari ba, wanda in tsaminsa ya yi miki yawa sai ki tsinka shi da ruwa ko ki jefa ɓawon abarba a tukunyar. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zazzau ke kai wa maƙura, abin da ake zato kwaɗayin lemo ne yana iya zama ƙishirwa ce kawai, kuma kofi biyu na ruwan randa kafin a zauna cin abinci suna kashe ta.

Sauran aikin yana kan tuwo da shinkafa da mai. Ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na mako guda ba tare da kin sauya komai ba, har da ɗanɗanon girki da ragowar abincin yara, za ki ga inda kilo biyun nan suka maƙale. Ki rage malmalar tuwo, ki yawaita miyar ganye da wake da zogale, ki riƙa auna man gyaɗa da manja da cokali maimakon tuttulawa daga galan, domin cokalin cin abinci ɗaya na mai yana da kalori kimanin 120. Saboda jinin, ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar a mako ta cika minti 150 ɗin da ake so, ko da a tsakar gida ne bayan sallar asuba. Raguwar rabin kilo a mako abin a yaba ne, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara, ya isa a ga sauƙi a hawan jini. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a kan sikeli ɗaya, ki kuma auna ƙugunki da tef ɗin tela a daidai cibiya, domin teɓa tana iya raguwa kafin sikeli ya nuna.

Ba ki ce an auna sukarin jininki ba, kuma da wannan nauyi da shekaru da hawan jini ya kamata a auna, ki roƙi likitanki ya haɗa da shi a zuwanki na gaba. Idan akwai mai ciwon sukari a gidan da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari, a sani cewa ranar da sukarinsa ya faɗi, ya kama rawar jiki da zufa, lemo marar sukari ba zai yi masa komai ba, mai sukarin ake ba shi nan take. Masu wata cutar gado da ba ta da yawa, fenilketonuriya, su ne aka hana aspartem kwata-kwata, shi ya sa ake rubuta gargaɗin a jikin roba. Idan kuma kika samu juna biyu, ki dakatar da shirin rage nauyin har sai kin yi magana da ma'aikatan awo.