Amsa ga Yaya: abin da ke kai mu duwatsu cikin hunturu

Yaya, na ga saƙonka tun daren Talata, muryar da ka biyo da ita ma na saurara har sau biyu. Ka ga na sa taswira a WhatsApp ina lissafin kwanaki, ka tambaya ko rasuwa aka yi mana a Italiya, ko kaya zan ɗauko. Da na ce yara za mu kai yawo cikin tsaunukan Alps, sai ka yi dariyar nan taka, ka ce an san Bahaushe da tafiyar fatauci, da ta neman karatu, da ta Makka, da ta gaisuwar mutuwa, amma wanda zai ƙona mai don ya je kallon ƙanƙara, to wannan ya zama Bature. Ka rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a maƙogwaro, shi ya sa na bari sai da na huce kafin in rubuto maka.

Tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Kwana huɗu, dare uku, cikin hutun makaranta da ake yi a nan Bavariya daga Kirsimeti zuwa 6 ga Janairu. Daga Munich, garin da ku kuka sani da ƙwallo, mu bi ta Garmisch da Mittenwald mu shiga Ostiriya, mu kwana a Innsbruck. Washegari mu haura mashigar Brenner mu faɗa Italiya, mu sauka Bozen. Dawowa kuma ta Meran da mashigar Reschen, mu ɓullo Landeck, mu haye Fernpass, sai gida. Duka kilomita 600 ne da ɗoriya, bai ma kai Kano zuwa Abuja zuwa da dawowa ba. Mashigan da suka fi kyan kallo, irin su Stelvio mai tsayin mita 2,757 da Timmelsjoch, a rufe suke tun kaka sai bazara, saboda haka ba a ma sa su a lissafi. Ranar Asabar kuwa ba ma taɓa hanya, domin ita ce ranar da masu wasan zamiya ke sallamar masauki wasu na kamawa, sai ka yi awa biyu a Fernpass kana kallon bayan motar wani.

Gida huɗu ne a mota uku. Ka tuna labarin da Kaka ke ba mu a zaure na kakansa da ke zuwa Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba da uban dawaki? To wallahi haka muke kiran juna, da wasa aka fara har ya zauna. Madugunmu wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi da ya riga mu duka zuwa, shi ke cewa a tashi ko a tsaya, kuma ba a musu da shi. Ni ne jagaba don na fi sanin hanya. Kuɗin mai da na masauki suna hannun wani Bazindire wanda ko sisi ba ya ɓata a wurinsa. Inda muka kwana zango muke ce masa. Yaranmu sun san kalmar ayari kafin su san ta Jamusanci, na tabbata naka da ke Katsina sai an yi musu bayani.

Shirin mota shi ne rabin tafiyar, kuma a nan ne na san za ka ce mun cika ƙaƙale. A Ostiriya, daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, in akwai dusar ƙanƙara ko santsi a titi dole ka sa tayoyin hunturu, kuma zurfin zanen tayar kada ya gaza milimita 4. Jamus ma tana son taya mai tambarin dutse da ƙanƙara a jikinta. Ga sarƙar da ake ɗaura wa taya in an ga alamarta a bakin hanya, ga ruwan wanke gilashi wanda ba ya daskarewa, ga kuɗin babbar hanya na kwana 10 da ake saya kafin a tsallaka iyaka, sannan hanyar Brenner tana da nata kuɗin daban. Babu mai ce maka ka yi haƙuri, kuma babu wanda za ka ce wa "a duba dai, ranka ya daɗe".

Ɗaura sarƙa surukina ne ya koya mini, kuma bari in shiga maganar aurena da Bajamushiya, wadda na san ita ce ainihin tambayarka. Hunturun farko bayan aurenmu, tsohon nan ya fito da ni tsakar gidansa da ke wani ƙauye kudu da Munich, ya jefo mini sarƙa a ƙasa, ya tsaya da agogo a hannu. Na durƙusa cikin ƙanƙara, yatsuna suka mutu, na ɗaura ya ce in kwance, na kwance ya ce in sake. Sau biyar. Bai ce mini sannu ba, sai da na gama ya ce yanzu zai iya barin 'yarsa ta shiga motata. A ranar ya ce in riƙa kiransa da sunansa, wai mun zama ɗaya. Yaya, shekara 19 ke nan bakina bai taɓa furta sunan mutumin nan ba. Baba nake ce masa, ya yi mita har ya gaji ya karɓa. Cin abinci a gabansa kam na koya, don a nan ƙin ci shi ne rashin kunyar, amma har yau loma ba ta wuce mini da daɗi in yana kallona.

Ita kuwa uwar ɗakina, wato matata, eh, ba ta musulunta ba. Na san duk Sallah sai an yi wannan maganar a gida. Ban ɓoye ba, ban kuma daina yi mata addu'a ba. Amma ita ce ke tashi ta dafa wa yara sahur, ita ce ke juya kowane ƙunshin abinci a kanti tana karanta bayansa, kuma ita ta hana mahaifiyarta sa naman alade a tukunyar da muke ci. A yankin da za mu je, busasshen naman aladen da suke ce wa Speck yana cikin komai, har cikin miyar da za ka rantse ta ganye ce, kuma wainar ƙwan da yara ke so sau da yawa zabibin cikinta an jiƙa shi da barasa. Ita ke tsayawa ta titsiye mai kawo abinci da yarensu na ƙauye har sai ya shiga kicin ya tambayo. A cikin mu huɗu, biyu ne muka auri 'yan ƙasa. Na ga irin auren nan da ya watse aka yi ta shari'a kan yara, ban musa ba. Na kuma ga wanda aka kawo masa mata daga gida bai yi shekara uku ba. Ba na yi wa kowa tallan abin da na yi, ina dai so a daina tambayata yaushe zan yi aure na gaske.

Saboda abincin nan ne muke kama gida mai kicin maimakon otal. But ɗin motata yanzu haka akwai shinkafa, da garin semo na tuwo, da kuka da daddawa da Inna ta aiko bara, da dambun nama. Kilishi a tanderun girki muke yin abinmu, don nama ba ya shigowa Turai a jaka, kwastan za su ƙwace. Bai kai na gida ba, ba sai ka faɗa ba. Filas biyu na shayi mai citta da kanumfari, ɗaya na kunun gyaɗa.

Salla ita ce ke tsara mana tafiyar fiye da taswira. A farkon Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kuma 4 da rabi ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a matse suke kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Muna ƙasaru, muna haɗa biyun farko. Wurin tsayawarmu na farko masallacin Penzberg ne, wanda aka buɗe a 2005, mai bangon shuɗin gilashi. Hasumiyarsa ta ƙarfe ce, an sassaƙa kalmomin kiran salla a jikinta, ido ke jin kiran maimakon kunne. Daga nan sai huffi ya yi aiki, don wanke ƙafa a bayin gidan mai, da ruwan da ke yanka kamar reza, ga mutane na zuba maka ido, ba abin da za ka so ka maimaita ba ne. Madugu ya taɓa ja mana Magariba a filin ajiye motoci, kan kwali, numfashinmu na tashi kamar hayaƙi. Wata tsohuwa da karenta ta tsaya nesa har muka sallame, sannan ta wuce.

Akwai gangaren da nake so in kai kafin duhu, wanda ke sauka daga Seefeld zuwa Zirl, dab da Innsbruck. Tsananinsa ya kai kashi 16 cikin 100, har an yi wasu hanyoyin tsira a gefe don motar da birkinta ya ƙwace ta afka ciki. Zuwana na farko na sauko shi da ƙafa a kan birki tun daga sama, irin tuƙinmu na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kafin mu kai rabi wari ya cika motar, birkin ya yi laushi kamar na taka tuwo. Uwar ɗakina ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi in koma giya ta biyu. Ni kuwa salati nake, na manta da kowane yare sai Hausa da Larabci. Tun daga ranar madugu ke tsokanata, wai a gangaren Zirl ne kaɗai ya halatta Musulmi ya nemi giya da gaggawa.

Brenner ba ta da wuyar hawa, mita 1,370 ce kuma babbar hanya ce, ana wuce gadar Europa mai tsayin mita 190 ba a ma sani ba. Nauyinta a wani wuri yake. Ƙaramin cikinmu, wanda ke jan mota ta uku, ta nan ya shigo a 2015. Agadas, Libiya, teku, Italiya, sannan jirgin ƙasa ta Brenner ba takarda, har 'yan sanda suka sauke su a Rosenheim. Yau ya gama koyon aikin lantarki, yana da mata da 'ya, motar ma tasa ce. Duk shekara in mun iso tashar jirgin nan sai ya yi shiru, mu ma ba ma ce masa komai. Fasfo da katin zama kuwa a aljihun gaba suke, don ko da ana cewa babu iyaka tsakanin ƙasashen nan, Jamus tana bincike a iyakarta da Ostiriya tun shekarar, kuma mota cike da baƙaƙen fata ba ta cika wucewa ba a leƙa ba. Akwai gida na biyar da muke so su zo, takardarsu ba ta ba su damar tsallaka iyaka ba. Wannan ɓangaren ba ya fitowa a hotunan da kuke gani.

Da ka gangara Italiya za ka ga abin mamaki: kowane gari suna biyu gare shi, Sterzing da Vipiteno, Bozen da Bolzano. Yankin na Ostiriya ne a da, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba Italiya. Zamanin Mussolini an hana karatu da Jamusanci, sai suka koma koya wa yara a ɓoye cikin ɗakuna da rumbuna. Fiye da shekara 100 ke nan, mafi yawansu har yau Jamusanci suke yi a gida. Ina nuna wa yarana wannan duk zuwa, suna cewa Baba ka faɗa bara. Na sani su a ƙasar kakanninsu suke, iyaka ce ta tsallake su, mu kuwa mu muka tsallako. Duk da haka ina faɗa.

Ka tambaya ko yaran na jin Hausa. Babbar tana yi, sai dai ƙanƙara a bakinta kankara ce, ɗaki kuma daki. Namijin yana ji sarai, amma da Jamusanci yake mayar maka. Sauran Hausarsu daga 'ya'yan madugu suka ɗauko, ta Kumasi, wadda za ka ji an ce "mamana ya zo", na san da ka ji sai ka riƙe ciki. A Munich kowa na unguwarsa, makaranta da aiki sun cinye mako, sai suna ko jana'iza ko Idi ke haɗa mu. Ba mu da zaure, ba mu da ƙofar gida da za a shimfiɗa tabarma. Kwana huɗun nan ne kaɗai a shekara da yara tara ke kwana su tashi cikin Hausa, su ga an ci tuwo a kwano ɗaya, su ga babansu ya rusuna ya gaida wanda ya girme shi. Doka ce daga Garmisch ba a Jamusanci a mota, wanda ya yi shi ke wanke-wanke. Uwar ɗakina ce ta fi kowa wanke kwanuka, kuma ba ta taɓa neman a ɗage mata ba.

A Reschen akwai hasumiyar coci da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar tafki, ragowar ƙauyen Graun da ruwan madatsa ya cinye a 1950, kamar yadda Kainji ta cinye tsohuwar Busa. In tafkin ya daskare sosai har gindinta ake takawa. Bara a nan ne namijin ya ja hannuna ya ce, da Hausa, ba wanda ya sa shi: "Baba, mutanen garin ina suka tafi?" Ban ma amsa daidai ba don daɗi.

Abin da ke mini ciwo, Yaya, in kuɗin asibiti ya tashi ko rufin ɗakin Inna, ni ɗan gida ne, ba a tambayar yaren da ɗana ke yi. Sai an ga hotona da hular sanyi ne ake tuna gida ya bar ni. Ban ce a daina kira ba, ka san ba zan ce ba.

Litinin da hantsi za mu tashi in Allah ya kai mu. Ka ce wa Inna ta sa mu a addu'a, kada dai ka nuna mata hoton gangaren. Kukar nan ta kusa ƙarewa, in an samu mai tahowa a haɗo da yaji, da hula ɗaya zanna bukar ta yaron, kansa ya kusa kai nawa.