Likita ya hana maiɗakina hawa jirgi, kamfanin Umra ya ce kuɗi ba ya dawowa

Tambaya: Lauya, na biya wa maiɗakina kuɗin Umra ta hannun wani kamfanin tafiye-tafiye a Garwa. Ranar tashi cikinta zai kai mako 33, ga hawan jini ya taso, likita ya ce kada ta hau jirgi. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Juna biyu shi kaɗai ba ya tilasta wa kamfani mayar da kuɗi. Sashe na 1134 na dokar farar hula da ake aiki da ita a nan Kamaru ya ce yarjejeniya doka ce ga waɗanda suka ƙulla ta, don haka fara duba abin da ka sa wa hannu. Idan tana da cikin aka biya kuɗin, ba za ka ce abu ne da ya faɗo ba zato ba. Hawan jinin da ya zo daga baya shi ne hujjarka, amma a rubuce: takardar likita mai kwanan wata da hatimi, ta faɗi makon cikin, ta ce a fili an hana tafiya.

Kada ka bari ranar tashi ta wuce. Wanda bai soke ba kuma bai zo filin jirgi ba, tara ce ke hawa kansa, wani lokaci tikitin gaba ɗaya ya ƙone. Ka kai takardar sokewa ofishinsu yau, a buga maka hatimi a kwafinka. Kiran waya ba shaida ba ne.

Sannan ka sa su rarraba maka kuɗin: nawa tikiti, nawa biza, nawa masauki. Kuɗin biza da wuya ya dawo in an riga an fitar da ita. Tikiti kuwa, ko mai arha ne, yawanci ana mayar da harajin filin jirgi tunda ba a yi tafiyar ba, wasu kamfanonin jiragen ma suna ɗage rana saboda rashin lafiya. Galibinsu suna neman takardar likita daga mako 28, su daina ɗaukar mai ciki wajen mako 36, mai tagwaye 32. Kada wani ya ruɗe ka da yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan tafiyar jirgin sama: jinkiri, kaya da rauni take kallo, ba fasinjan da ya fasa ba.

In akwai inshorar tafiya, sanar da su nan take. Dokar CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya da Kamaru ke bi, ta ce wa'adin sanarwa ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, damar kai ƙara kuma tana mutuwa bayan shekara 2. Yawancin inshora ba sa biya kan ciki mai lafiya, sai kan matsalar da ta taso.

In suka toshe kunne, huissier, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, ya kai musu takardar gargaɗi. Idan sun taɓa amincewa a rubuce da adadin da za su mayar, dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru ke bi, ta ba ka damar neman umarnin biya daga kotu ba tare da doguwar shari'a ba.