Tambaya da Amsa: Me zai hana a yi wa Gombe United da Doma United maja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Jekadafari, cikin garin Gombe, kuma tun ina yaro nake bin ƙwallon gida. A kakar 2023/2024 ƙungiyoyinmu biyu, Gombe United da Doma United, suka faɗo daga Firimiyar Najeriya lokaci guda. Tun daga nan muke ta musu a gidan kallo. Ni a ganina, tunda gari ɗaya ne kuma filin Pantami ne gidan kowa, a haɗe su su zama ƙungiya ɗaya mai ƙarfi, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani abokina ya ce ko PSG, wato Paris Saint-Germain ta Faransa, ma haɗa ta aka yi. Da gaske ne? In an yi a can, me zai hana a yi a nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa allura albarka. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, rabin labarin dai ya ba ka.

A 1970 aka haɗa Paris FC da Stade Saint-Germain aka samu PSG. Amma duba yadda kowace take kafin auren. Paris FC tana da masu kuɗi a bayanta da sunan babban birni, ba ta da 'yan wasa, ba ta da gurbi a gasa. Ita kuwa Saint-Germain, ƙungiyar wani ƙaramin gari ce a gefen Paris, tana da 'yan wasa kuma ta samu hayewa rukuni na biyu, aljihu ne babu nauyi. Mai tuwo ya haɗu da mai miya ke nan. Duk da haka shekara biyu kacal suka yi aka raba gari, saboda rigimar suna: hukumar birnin Paris ta ce ba za ta sa kuɗinta ba sai an cire “Saint-Germain”. A 1972 Paris FC ta fice da gurbin rukuni na ɗaya da ƙwararrun 'yan wasa, aka tura PSG rukuni na uku ta faro daga ƙasa. A 1974 PSG ta hau sama, a shekarar kuma Paris FC ta sauko. Wannan PSG da ka ga ta zuba wa Inter biyar ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2025, ba maja ce ta kai ta nan ba, kuɗin Ƙatar ne da suka shigo tun 2011.

Bari in ba ka nawa labarin, don ni an taɓa yi mini maja a ka, ba a littafi na karanta ba.

Muna samari, a unguwarmu akwai ƙungiya biyu, tamu ta 'yan gangare da ta 'yan bakin makaranta. Da za a yi gasar unguwanni a dogon hutu sai manyanmu suka ce a haɗe, don kar 'yan wata unguwa su riƙa yi mana dariya. Mu muna da riguna da ƙwallo sabuwa fil da wani ɗan kasuwa ya saya mana, su kuma suna da 'yan gaba biyu da ko barewa sai ta yi da gaske. Aka shimfiɗa tabarma a gaban mai shayi bayan isha'i. Daren farko a kan suna aka tashi, dare na biyu ma haka, wai sunan wa zai zo a gaba. A dare na uku aka koma kan riga: tamu kore, tasu ruwan ɗorawa, ba mai yarda ya sa ta wani. Tela irinka ne ya raba gardamar, ya tsaga rigunan gida biyu ya haɗa, gaba kore, baya ruwan ɗorawa. In muna kai hari mu ne, in muna gudun komawa gida su ne. Ashe ma ba mu muka fara ba: rigar Sampdoria ta Italiya, shuɗiya mai ɗamarar fari da ja da baƙi a ƙirji, launukan ƙungiyoyi biyun da aka haɗa a 1946 ne.

Abin da ba wanda ya lissafa a kan tabarmar nan shi ne, mutum ashirin da biyu ne ke neman wuri goma sha ɗaya. Gola biyu, kyaftin biyu, koci biyu. Ni ne golan 'yan gangare, kuma in faɗi gaskiya wancan ya fi ni tsawo, ya fi ni kamu. Ranar wasan farko na tsinci kaina a gefen fili riƙe da jarkar ruwa da ledar lemon tsami, ga ƙannena sun zo kallona. Kafin mako biyu, mu da aka ajiye mun haɗa kuɗi mun sayi tamu ƙwallon mun kafa wata ƙungiyar. An haɗa biyu don a samu ɗaya, aka wayi gari biyun na nan, sai ƙarin gaba da ba a san ta ba a da. Akwai wanda har ya yi aure bai gayyace ni ɗaurin aure ba saboda maganar nan.

Kar ka ce ina kushe maja ne don an taɓa ajiye ni a benci, ko da yake ban rantse babu ɗan wannan a ciki ba. Akwai inda ta yi kyau sosai. A Beljiyam, garin Genk na da ƙungiyoyi biyu na ma'aikatan haƙar kwal, Waterschei da Winterslag, ba sa ga maciji da juna. Da aka rufe ramukan kwal ɗin, abin da ke riƙe da su ya ƙare, sai suka haɗe a 1988. A kakarsu ta farko ma faɗuwa suka yi. Amma suka dage kan renon yara da sayar da su, suka ci gasar ƙasar a 1999, daga baya suka fitar da su De Bruyne da Courtois. Daga can Wilfred Ndidi ya tafi Leicester a 2017. A Denmak kuma, Ikast da Herning Fremad sun haɗe a 1999 suka zama Midtjylland, wadda ta ƙulla da FC Ebedei ta jihar Ogun tana ɗibar yaranmu, irin su Frank Onyeka da Paul Onuachu. Shi Onuachu ma ka ga ikon Allah, daga wannan ƙungiyar maja ya tashi a 2019 ya faɗa waccan ta Genk.

Akwai kuma inda aka yi da-na-sani. A Ingila, Max Griggs, mai kamfanin takalman Dr. Martens, ya haɗa ƙananan ƙungiyoyi biyu a 1992 ya kira su Rushden & Diamonds, ya gina musu fili, ya kai su har rukuni na uku. Da ya janye hannunsa sai abu ya fara tangal-tangal, a 2011 ƙungiyar ta rushe, filin ma daga baya aka baje shi. Garuruwa biyu da kowanne ke da tasa a da, suka tashi a tutar babu. Wannan shi ne ya fi kama da namu, domin yawancin ƙungiyoyin Firimiyarmu aljihu ɗaya suke kallo, na gwamnatin jiha.

To, mu dawo Pantami. Gombe United ta gwamnati ce, Doma United kuwa mai zaman kanta ce. In an haɗa su, wa zai naɗa shugaba? In gwamnati ce, mai kuɗin da ya zuba dukiyarsa ya zama ɗan kallo, kuma duk ranar da aka sake gwamna ana iya sake hukumar gudanarwa a sanarwa guda ta rediyo. In kuma shi ne, da wane dalili za a riƙa fitar da kuɗin jama'a ana ba ƙungiyar da ba ta jama'a ba? Sannan ka lissafa abin da gari zai rasa: gurbi biyu sun koma ɗaya, yara kusan talatin sun rasa wurin cin abinci, kuma babu sauran ranar da za a ce na gida biyu sun haɗu, ranar da mai rake da mai ruwan leda da ɗan acaɓa ke komawa gida da fara'a. Mu da muka ga maja a siyasa tun 2013, mun san ɗaga tuta ɗaya ba ya hana kowa tuna tsohon gidansa.

Don haka ni ban goyi baya ba, ɗan'uwa. Da ɗaya tana da abin da ɗayar ta rasa, kamar na Paris, da na ce a gwada. Amma biyun tare suka faɗi, kuma makaho bai ja wa makaho gora. Abin da ke kayar da ƙungiyoyinmu sanannen abu ne: kuɗin da ba ya fita kan kari, tafiyar kwana biyu a mota zuwa Uyo ko Fatakwal a sauka a shiga fili da kumburarrun ƙafafu, da sayar da ɗan wasa ba tare da kuɗin ya koma cikin ƙungiya ba. Maja ba ta maganin ko ɗaya a ciki. In haɗin kai ake so, su haɗa makarantar renon yara guda ɗaya da za ta riƙa tsinto 'yan ƙwallo daga Kumo da Bajoga da Kaltungo da Dukku, su raba kuɗin gyaran fili, amma kowa ya riƙe rigarsa. Kai ma ɗinkin kaya biyu ya fi maka ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Bauchi. Yayana ya ce duk ƙungiyar da ke da “United” a sunanta haɗa ta aka yi. Haka ne?

AMSA: Ƙanwata, ki ce wa yaya ya rage gishiri. Ta Newcastle ce ta zo kusa da maganarsa: garin na da ƙungiyoyi biyu, West End da East End; a 1892 West End ta durƙushe, East End ta kwashi wasu 'yan wasanta ta koma filinta na St James' Park, aka raɗa sabon suna don jawo magoya bayan ɓangarorin biyu. Manchester United kuwa ba a haɗa ta da kowa ba. Newton Heath ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa, bashi ya kusa kashe ta, waɗanda suka ceto ta suka sake mata suna a 1902. Ku dai a Bauchi ba ku da wannan gardamar, taku Wikki Tourists sunan ruwan ɗumin Yankari ta ɗauka, kuma da shi ta ci Kofin Ƙalubale a 1998. Ki gaishe shi.