Tambaya da Amsa: Saura mako uku tsere, ƙwaurina ya ƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 34, nauyina kilo 70. Wata huɗu ke nan ina atisayen gudun fanfalaki, wanda shi ne zai zama na farko a rayuwata, kuma yau saura mako uku a yi tseren. Ranar Asabar da ta wuce na yi kilomita 30, tun daga ranar ƙwaurina na hagu yake ciwo ta ciki, kamar yatsa huɗu sama da idon sawu. Da can sai na fara gudu nake jin sa, yanzu kuwa ko bene na hau sai ya motsa. Abokin atisayena ya ce in sha ƙwayar kashe zafi ta diclofenac da safiyar tseren in ɗaure wurin da bandeji, har ya ba ni labarin wani ɗan Tanzaniya da ya ƙarasa tseren Olamfik da gwiwa a goce. Na riga na biya kuɗin rajista, kuma na gaya wa kowa, a gida da wurin aiki. In shiga ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka, bari in cika maka sauran.

Mutumin da yake nufi shi ne John Stephen Akhwari, a gasar Olamfik ta birnin Meziko a 1968. Wajen kilomita 19 ya faɗi cikin turereniya, gwiwarsa ta goce, kafaɗarsa ta bugu. Aka ɗaure masa ƙafar, ya miƙe ya ci gaba yana ɗingishi, bai shiga filin wasa ba sai bayan fiye da awa guda da isowar Mamo Wolde na Habasha wanda ya yi na ɗaya. Shi ne na 57, na ƙarshe cikin waɗanda suka ƙarasa. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ƙasarsa ba ta turo shi don ya fara tsere ba, ta turo shi ne ya gama. Ni ma duk sanda na kalli hoton shigarsa filin nan sai tsigar jikina ta tashi.

To amma a cikin wannan tseren, a wannan ranar, akwai Abebe Bikila. Shi ne ya ci zinare a Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokyo a 1964 makonni kaɗan bayan an yi masa tiyatar afendis. Babu mai cewa wannan bawan Allah rago ne. Ya shiga tseren Meziko da tsagewa a siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, bai kai rabin hanya ba ya koma gefe ya tsaya. Akhwari da lafiyarsa ya tashi, a hanya tsautsayi ya same shi. Bikila kuwa da ciwonsa ya zo layin farawa. Ka duba da kyau ka ga a cikin su biyun wane ne kai. Haka Paula Radcliffe ta Birtaniya, a lokacin ita ce ke riƙe da tarihin gudun fanfalaki mafi sauri na mata a duniya, ta je Beijing a 2008 bayan tsagewar ƙashin cinya, ta ƙare ta 23, duk da likitocin da ke kewaye da ita.

Yanzu mu koma kan ƙwaurinka. Ban gan ka ba, ban taɓa wurin ba, saboda haka ba zan yanke maka hukunci daga kan takarda ba. Amma abu biyu ne suka fi kama masu gudu a daidai wurin da ka kwatanta. Na farko shi ne kumburin fatar da ta lulluɓe ƙashi, inda tsoka take jan sa. Wannan ciwon a warwatse yake, in ka bi gefen ƙashin da yatsa za ka ji shi a tsawon da ya wuce santimita 5, kuma sau da yawa yakan lafa in jiki ya yi ɗumi. Na biyu shi ne ƙashin kansa ya fara tsagewa saboda yawan duka, ba tare da ka faɗi ko an buge ka ba. Shi wannan wuri ɗaya yake zama, har kana iya ɗora kan yatsa ka ce ga shi nan. Ba ya lafawa da gudu, ƙaruwa yake yi, daga baya ya fara biyo ka cikin tafiya, wani lokacin har da dare kana kwance.

Jimla ɗaya ce a wasiƙarka ta hana ni sakewa, inda ka ce yanzu ko bene ka hau sai ya motsa. Ciwon da ya tashi daga fagen gudu ya shigo cikin zirga-zirgar yau da kullum, gaba yake yi ba baya ba. Ka gwada wannan a ɗaki: tsaya da ƙafar hagu kaɗai ka yi ɗan tsalle sau goma. In ka ji kamar an soka maka ƙusa a wuri guda, kada ka ƙarasa goman, ka nemi likitan ƙashi cikin makon nan. Kuma ka sani, hoton eksire yakan fito fes a makonni biyu ko uku na farko alhali tsagewar tana nan. Hoton MRI, wato na na'urar maganaɗisu mai nuna cikin ƙashi, shi ne ke kama ta da wuri. Mutane da yawa sun koma gudu da murna riƙe da eksire mai tsabta, suka dawo da sanduna.

Ga ɗan lissafi. Tseren kilomita 42.195 ne. Mai gudu irinmu, wanda takunsa bai wuce mita ɗaya da ɗoriya ba, zai yi taku wajen 40,000, wato ƙafar hagu ita kaɗai za ta daki ƙasa kusan sau 20,000. Kowane taku yana sauke mata nauyin jikinka ninki biyu zuwa uku, a kilo 70 ɗinka tsakanin kilo 140 da 210 ke nan. Lafiyayyen ƙashi yana ɗauka. Wanda ya fara tsagewa kuwa, tamkar bangon da ya dare ne kake ta kai masa guduma.

Maganar ƙwaya kuma, a nan ne na fi jin haushin abokinka, domin ni irin shawarar nan ta taɓa kayar da ni. A tserena na biyu, ina da ciwo kusan irin naka a ƙafar dama, na haɗiyi ƙwaya biyu kafin a tashi. Har kilomita 20 ina ta yi wa kaina kirari. A 27 ƙafar ta ƙi taka ƙasa, na zauna a bakin titi ina kallon dattawan da na wuce da safe suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Abin da hutun mako shida zai warkar, sai da ya ci min wata huɗu, biyu daga ciki da sanduna. Ƙwaya ba ta ɗinke ƙashi, bakin ciwon kawai take toshewa, alhali jiki magayi ne, shi ne kaɗai zai ce maka tsaya. Ban da haka, su diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi dogon gudu ya riga ya ƙwace mata jini da ruwa. Haɗuwar biyun kan kai mutum ga raunin ƙoda ko zubar jini a ciki. Bandejin ma ba ya rage nauyin da ke sauka kan ƙashi ko da giram ɗaya.

Abin da zan yi in ni ne kai: daga yau ba gudu har sai likita ya duba. Kada ka ji tsoron cewa wahalar wata huɗu za ta tafi a banza. Makonni ukun ƙarshe dama na rage atisaye ne, aikin ka riga ka yi shi, kuma hutun kwana goma ba ya zubar da wani ƙarfi na a zo a gani. In kana son numfashinka ya ci gaba da aiki, ka hau keke ko ka yi ninƙaya, muddin wurin bai motsa ba.

In likita ya ce ƙashi lafiya lau, kumburi ne kawai, kuma ka kai matsayin da kake tafiya da tsalle ba zafi, to kana iya shiga, amma da sharaɗi. Ka ajiye burin lokacin da ka sa wa kanka. Ka riƙa gudu na minti huɗu ko biyar, tafiya ta minti ɗaya, tun daga farko, ba sai ka gaji ba. Kada ka sa sabon takalmi ranar. Kuma ka yi wa kanka alkawari tun a gida, kafin ihun 'yan kallo ya shiga kanka, cewa da zarar ka fara ɗingishi ka fita. Mai ɗingishi yana jibga nauyi kan ɗaya ƙafar, sai a tashi da ciwo biyu.

In kuwa hoto ya nuna tsagewa, magana ta ƙare, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Irin wadda ke ta cikin ƙwauri yawanci mako shida zuwa takwas take ɗauka in an bar ta ta huta. Ka rubuta wa masu shirya tseren, wasunsu sukan yarda a ɗage wa mutum rajistarsa zuwa baɗi, musamman in da takardar likita.

Na san ba kuɗin rajistar ne ke cin ranka ba, bakin mutanen da ka gaya wa ne. Zan faɗa maka abin da na gani a kaina: 'yan ofis ɗinmu sun yi min tsiya ta kwana biyu, a rana ta uku sun koma maganar ƙwallo, ni kuma ina nan ina fama da sanduna a matakala. Ko ɗayansu bai ɗauke ni ya hau da ni ba.

Ka je a duba ƙafar nan kafin Juma'a, ka tafi da abokin naka ya ji bayanin likita da kunnensa, sannan ka rubuto min abin da hoton ya nuna. Allah ya ba ka lafiya.