Dogon hutu a ƙauye da damina: Shin in kai yara wurin kakarsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Kaduna. Babbar 'yata tana da shekara 11, mai bi mata yana da 8, autan kuma yana da 3. Surukata, wadda ke zaune a wani ƙauye kusa da Ringim a Jihar Jigawa, ta daɗe tana cewa a kai mata jikokinta su yi dogon hutu a wurinta. Maigida ya amince, amma ni ina tsoron sauro da ruwan sha da halin hanya a wannan lokaci na damina, kuma ba na so in yi abin da dangin mijina za su ce na raina su. Shin mu je, ko in sa yaran a lesin su ƙare hutun a gida? In kuma mun je mun dawo, me zan yi da sauran kwanakin, tunda ba mu da kuɗin yawon shaƙatawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarata ita ce ku je, kuma ki raka su da kanki saboda autan, ku yi kamar mako biyu, amma ki gina duk shirinki a kan lissafin damina. Dogon hutun makarantunmu, wanda yakan faro daga ƙarshen Yuli ya kai wajen tsakiyar Satumba, ya zo daidai da lokacin da Turawa ke hutun zafinsu, sai dai a wurinmu tsakiyar damina ce, kuma watan Agusta shi ne watan marka, wanda ruwansa ya fi na kowane wata yawa a ƙasar Kano da Jigawa. Saboda haka duk shawarar hutu da aka tsara domin ƙasar da rana ke ƙwallewa a wannan lokaci ba za ta yi miki amfani ba.

Bari in fara da lokacin tashi, domin shi ya fi sauƙin yankewa. Ringim tana kusa da Kogin Haɗeja, wanda ke ɗauke da ruwan Kogin Kano da na Challawa, kuma ya fi cika ne daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Ambaliyar 2022 ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa a daidai irin wannan lokaci. Don haka ku tafi a makon farko ko na biyu na hutun, ku dawo kafin ruwa ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Ranar tafiya ku kama hanya bayan sallar asuba, saboda daga Kaduna zuwa Kano kaɗai kimanin kilomita 230 ne, ga kuma sauran tafiya a gaba, alhali hadarin damina ya fi haɗowa da yamma. Idan motar gida ce, maigida ya sa a duba tayoyi da birki da abin share gilashi tun kwana biyu kafin tafiya, yara duka su zauna a baya. Idan ta haya ce, ki daure ki biya wa manyan biyun kujerunsu, kada a ɗora su a cinya tsawon yini. Abu ɗaya da ba na yin sassauci a kansa shi ne ruwan da ya shafe hanya: ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma babu wanda ya san abin da ya zaizaye a ƙarƙashinsa, don haka ko direba ya ce ya saba, ku sauka ku jira ya janye.

Batun sauro gaskiya ne, amma ki tuna cewa a Kaduna ma akwai shi, kuma abin da ke kare yaro a birni shi ne ke kare shi a ƙauye. Ki tafi da gidan sauro mai magani, da igiya da ƙusoshi, saboda sau da yawa gidan sauron yana nan amma babu inda za a ɗaura shi. Autanki yana cikin yaran da ake ba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bayarwa tun 2012 ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 a yankunan da cutar ke tashi da ruwan sama. Ana ba da shi sau ɗaya a kowane kwana 28, na kwana uku a jere. Masu rabawa sukan ba da na ranar farko da hannunsu, uwa kuma ta ba da na rana ta biyu da ta uku. Ki riƙe katinsa a jakarki, idan lokacin zagaye na gaba ya same ku a Jigawa ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi na yankin, kada a tsallake. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a cikinsu, a kai shi a yi masa gwajin jini na nan take, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin kamar minti ashirin, kafin a ba shi maganin zazzaɓin. Jijjiga, ko kasa shan ruwa, ko amai da ba ya tsayawa, ko yawan barci irin na galabaita, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Abin da iyaye 'yan birni suka fi mantawa da shi kuwa shi ne kududdufi. Ɗanki mai shekara 8 zai ga sa'o'insa suna tsunduma ciki, kuma zai so ya nuna shi ma namiji ne. Ban da haɗarin nutsewa, a irin wannan ruwa ne ake ɗaukar tsargiya, domin ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Ki gaya masa wannan a fili tun daga gida, ki kuma roƙi wani baffansa ya sa masa ido, saboda maganar baffa a ƙauye ta fi taki nauyi a kunnensa. Haka nan kada su shiga gona ko ciyawa babu takalmi mai rufi, kuma kada su fita da dare babu tocila.

Yanzu ga inda tambayarki ta fi bukatar natsuwa, wato yadda za ki kare yaranki ba tare da kin ɓata wa masu gida rai ba. Na ga matan da suka sauka a gidan surukai da katan-katan na ruwan roba, suka jibge a ɗakinsu, suka hana 'ya'yansu taɓa randar gidan, kuma shekaru bayan nan ana ba da labarin. Ba ruwan robar ne laifin ba, warewar ce ta yi ciwo. Hanyar da ta fi ita ce ki karɓi aikin ruwan gidan gaba ɗaya a matsayin hidimar da suruka ke yi wa uwar mijinta: kullum bayan an sauke tuwon dare, ki ɗora babbar tukunya a kan ragowar wutar, ki bari ruwan ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya, ya kwana ya huce, da safe ki juye a randa mai murfi da moɗa guda wadda ba a ajiyewa a ƙasa. Kowa a gidan ya sha daga nan, har Inna. Gidan sauron ma haka: ki sayi ƙari guda biyu ko uku ki haɗa a cikin tsaraba, ki fara ɗaura na Inna da hannunki kafin ki ɗaura naku. Ki kuma riƙe 'yan ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake narka guda a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, tare da ƙwayar zinc da ake ba yaro mai gudawa na kwana 10 zuwa 14, domin ƙila ma ɗan maƙwabta ne zai fara amfana da su.

Akwai kuma wani abu da kunya ba za ta bari surukarki ta faɗa miki ba. Watan Agusta lokaci ne da hatsin bara ya ja baya a rumbu, na bana kuma bai nuna ba, ga kuɗin taki da na 'yan ƙwadago sun cinye abin hannu, don haka baki huɗu da suka ƙaru nauyi ne ko da ana murna da su. Tsarabarki ta zama mai shiga tukunya: shinkafa, wake, man girki, sukari, gishiri, sabulu, sannan atamfar Inna da goronta a sama. Ki bar maigida ya miƙa, ko ki ce saƙonsa ne, domin abin da ya fito daga hannun ɗa ba ya zama gori.

Idan kin yi waɗannan, sauran sai ki saki jiki ki bar yaran su mori abin da lesin ba zai ba su ba. Damina ce lokacin da ƙauye ya fi albarkar ganye da nono da ƙwan zabi. Ki bar babbar ta zauna kusa da kakarta ta ga yadda ake tsinke zogale daga sandarsa, a dafa shi har ɗacin ya fita, a matse, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri, a yanka albasa a kwaɗa. Ta ga bambancin rama da yakuwa da tafasa da lalo da idonta, ta koyi tankaɗe da sheƙa da kwaɓa ɗanwake. Namijin ya bi baffanninsa gona da sassafe ya riƙe fartanya ko na rabin awa ne, ya ɗebo wa awaki ciyawa, ya dawo da yunwar da za ta sa ya cinye tuwon da yake yi wa yanga a Kaduna. Da dare, idan ruwa ya tsare kowa a ɗaki, ki kashe wayarki ki ce Inna ta yi musu tatsuniya, kuma ki sa babbar ta riƙa rubuta sunayen kakanni da garuruwan da suka fito a wani ɗan littafi. Wannan rubutu ne da karatu da tarihi a lokaci guda, kuma tsofaffi suna jin daɗin a tambaye su. Ba na ƙin lesin, amma yaron da ya yi wata tara a aji, karatun rabin awa zuwa awa ɗaya kullum da safe ya ishe shi kada ya manta, tare da zuwa makarantar allo ko Islamiyyar garin da yamma. Nono kuwa ku sha, amma madarar da aka tatso a tafasa ta tukuna.

A hanyar dawowa, idan hali ya yi, ku kwana ɗaya a Kano ku kai su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, ku hau Dutsen Dala idan ƙasa ta bushe. Wannan ya isa yawon buɗe ido na bana. Wuri irin Yankari a bar shi sai rani, lokacin da ciyawa ta kwanta ake iya ganin namun daji.

Kafin ki rufe gidanki na Kaduna, ki yi hattara da danshi. Ni kaina na taɓa tafiya ta mako uku a watan Agusta, na kulle ko'ina ruf, na dawo na tarar da funfuna ta yi fari fat a kan takalma da jakunkuna, warin ɗakin kuma sai da ya yi wata bai fita ba. Tun daga nan nake janye katifa da akwatuna daga jikin bango, in bar ƙofofin durowa a buɗe, in ajiye ɗan gawayi a kwano a cikinsu, in kwashe duk abin da ke cikin firji, in kuma ba wata amintacciyar maƙwabciya makulli ta riƙa buɗe tagogi idan rana ta fito. Gyaɗa da masara da garin da kika san za su jiƙa, gara ki ba da su, domin funfunar da ke kama su tana haifar da guba mai cutar da hanta wadda dafuwa ba ta kashewa.

Sauran makonnin hutun a gida ba sa bukatar kuɗi. Ki roƙo irin alayyafo da kuɓewa da rama daga wurin Inna, kowane yaro ki ba shi tsohon bokiti ko buhu, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da taki. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, wato kafin a koma makaranta za ku yi miya da abin da suka shuka da hannunsu. Ki ware rana ɗaya a mako da su ne masu girkin rana, ke kina gefe kina kallo, ko da ɗanwaken zai fito kamar dutse a karon farko. Ranar da aka samu rana mai kyau, a fitar da katifu da barguna a shanya, a zubar da duk ruwan da ya taru a gwangwani da tsofaffin tayoyi, da yamma kuma ki sa turaren wuta a kasko ki koya wa babbar yadda ake turara tufafi, sai dai a bar taga a buɗe, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa kamar yadda hayaƙin janareta ke yi. Idan ɗanyar masara ta shigo kasuwa, a gasa a baranda ana kallon ruwa.

Bayan kun dawo, ki ci gaba da lura da jikinsu na tsawon wata guda, saboda zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ya bayyana. Duk wanda ya yi zazzaɓi ko ya ce fitsarinsa ya canza launi, ki kai shi asibiti, ki kuma gaya wa likita garin da kuka je da ranar da kuka baro shi.