"I look forward to hear from you" daidai ne kuwa?

Ɗan'uwa, ka ce za ka rufe wasiƙar neman aiki da "I look forward to hear from you" amma wani ya ce maka kuskure ne. Gaskiya ya faɗa maka. Daidai shi ne "I look forward to hearing from you".

Abin da ke rikita mutane shi ne wannan "to" ɗin, sai a ɗauka irin na "I want to go" ne, alhali ba shi ba ne. Wannan a manne yake da "look forward", kuma suna ne ke biyo bayansa, kamar "I look forward to the meeting". To idan aikatau za ka sa a gurbin sunan dole ka liƙa masa -ing. Ni dabarar da nake yi kenan, in gwada sa suna bayan "to" ɗin, in ya zauna daram to -ing ake so. Haka "I am used to waking early" da "I object to paying".

Wallahi ni ma na daɗe ina wannan kuskuren a imel, sai da wata abokiyar aikina ta ja min layi a ƙarƙashi da jan biro, kunya kamar in nutse.

Sannan kar ka rubuta "I am look forward", sai dai ka rubuta "I look" ko "I'm looking", "I look" ɗin ya fi dacewa da wasiƙar ofis. In wasiƙar mai muhimmanci ce ka ba malamin Turanci ya duba maka ita gaba ɗaya kafin ka tura.