Nawa Injin Zuba Roba Yake Ci a Awa Ɗaya?

Tambaya: Ina shirin sayen injin da ke narkar da roba ya tura ta cikin mazubi, to yaya zan ƙiyasta kuɗin da zai riƙa ci a kowace awa?

Amsa: Fara da kuɗin sayen injin da na kafa shi, ka raba su da awannin da zai yi yana aiki tsawon rayuwarsa. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin shekara tana da awa 8,760, amma gyara da sauya mazubi da ranakun hutu suna cinye kaso mai yawa daga ciki. Idan ka ɗauka zai yi awa 4,000 a shekara har shekara 10, to da 40,000 za ka raba.

Sai wutar lantarki, wadda a ganina ita ta fi cancantar kulawa. Kada ka dogara da adadin kilowat da aka rubuta a jikin injin, domin abin da yake ja a zahiri yakan gaza haka. Gara ka sa mita ka auna, ka haɗa da na'urar busar da ƙwayoyin roba da mai sanyaya ruwa. Injin da ke aiki da lantarki zalla ya fi tsimin wuta a kan wanda ke aiki da matsin mai (wato haidirolik).

Ƙara albashin ma'aikaci da kuɗin gyara da hayar wuri. Roba da mazubi kuwa a kan kowane kaya ake lissafa su: misali, idan kowane zubi yana ɗaukar daƙiƙa 30, kuma mazubin yana da gurbi 4 (wato kaya 4 a zubi ɗaya), za a fitar da kaya 480 a awa.